Abin da Na Ɓoye a Ƙarƙashin Sitiyari

'Yan'uwana na zumuntar maza, salamar Ubangijinmu Yesu Almasihu ta zauna a kanku da gidajenku. Ni ne Iliya, mai shagon kayan gini a Sabon Gari, nan Keffi. Sakatare ya daɗe yana bina in rubuta shaidata, ni kuma ina ta ɗaga masa rana, domin har yau in na tuna lamarin sai gajiya ta sauko mini.

Bari in fara da abin da ya rataya a kan motata, don ku gane nauyin maganar. A-kori-kura ɗaya gare ni. Ita ke kai siminti da rodi da kwano wuraren gini, daga Keffi har Uke da Masaka, inda waɗanda hayar Abuja ta koro suke ta sayen filaye. A wannan sana'a, wanda ya sauke kaya a bakin gini da safe shi ne mai ciniki. Don haka hayar shago a kan motar take, da makarantar yara, da tukunyar gida, da albashin direbana Bitrus, ƙanen matata. In motar ta kwanta, shago ya kwanta. Da daminar bara saura ƙiris hakan ta faru.

Ban gaji ko ƙusa a wurin kowa ba, da baro na fara. Motata ta farko ɓarayi suka ƙwace a hanya, ban ƙara ganin ko tayarta ba. Tun daga ranar tsoro ya yi gida a cikina. Ina zuwa sujada, ina ba da zakka, amma a zuciyata ban yarda da kowa ba sai dabarata. Da na sayi wannan motar, sai na kai ta wurin wani mutum a Abuja ya sa mini tiraka, na'urar nan da ke nuna maka a waya inda motarka take. Ya cusa ta can sama a ƙarƙashin sitiyari, ya naɗe da baƙin salatif, ya ce, "Oga, ko madam kada ta sani. Direba kuwa shi ne na farko da za ka ɓoye wa. Makanike ma haka." Duk dillali ya san wannan doka. Na riƙe ta da hannu biyu.

Mota ta yi ta aiki lafiya, sai wata rana Bitrus ya dawo ya ce, "Yaya, motar nan ta fara wani abu. Ina shiga gargada sai fitilun dashbod su kama, har da ta burki, allurar gudu ta faɗi ƙasa alhali ina tafiya. Can kuma sai komai ya koma daidai."

Na ce, "Burki yana kamawa?"

"Yana kamawa."

"To, fitila ce za ta kai siminti Masaka? Ɗauki makulli."

Haka na ce masa. Ban san cewa duk sa'ad da fitilar nan ta kama, na'urar da ke hana tayoyi ƙullewa in an taka burki da ƙarfi ta daina aiki ba.

Na fara yawon gareji. Na farko ya jona kwamfuta ya ce sensar taya ce, aka canja. Na biyu ya ce batir ne. Na uku ya ce ƙwaƙwalwar burkin ce ta mutu, na je har Abuja na sayo ta hannu, 'yar Beljiyam, aka sa. Kowane ya gama sai fitila ta mutu, in biya, in gode, mota ta shiga rami na farko fitila ta dawo. Na gaji da zama a kan bencin makanikai. Na gaji da ba injiniyan da nake kai wa kaya a Masaka haƙuri a waya. Har na fara zargin Bitrus, ina cewa ko ya haɗa baki da su ne suna raba kuɗin kayan.

Sai ranar da aka yi ruwan safe. Bitrus ya sauke kaya yana dawowa fanko, a gangaren kusa da Uke wata mota ta tsaya a gabansa ba zato. Fitilu a kunne suke. Ya taka burki, tayoyi suka ƙulle, motar ta juya da shi a kan jiƙaƙƙiyar kwalta ta faɗa lambatu. Ko ƙwarzane bai yi ba. Wannan aikin Ubangiji ne, ba na kowa ba.

Da yamma matata Rifkatu ta ajiye mini abinci, ta tsaya a kaina. "Baban Talatu, ƙanena ba zai ƙara shiga motar nan ba sai an gyara ta gyaran gaske. In siminti ne, ka ɗauka a ka."

Mota ta tsaya a ƙofar shago, ina hayar motocin wasu, riba tana tafiya a kuɗin haya. Wani mai sayen tsofaffin motoci ya fara zagaye ni yana taya ta da kuɗin da ko keke mai ƙafa uku ba zai saya ba. Na kusa sallama masa.

Wani abokin ciniki ne ya tura ni wurin Malam Sabo, mai gyaran wayarin mota a unguwar Yara. Sa'ana ne, garejinsa cike da motoci, kuma ba ya rage kuɗi. Muka je da Bitrus. Ya jona kwamfutarsa ya karanta, ya dube ni.

"Maigida, wa ya ce maka ƙwaƙwalwar burki ta mutu?"

"Kwamfuta ce ta faɗa."

"Kwamfuta ba ta faɗi haka ba. Cewa ta yi an kira ta ba ta amsa ba. In ka kira mutum a waya bai ɗauka ba, sai ka tafi sayen likkafani?"

Ya bayyana mini cewa motocin yanzu ƙwaƙwalwa da yawa gare su: ta inji, ta giya, ta burki, ta dashbod. Duka suna hira da juna ta kan wayoyi biyu da aka murɗe tare kamar igiya. In wani abu ya taɓa wayoyin nan, hirar ta yanke, kowace sai ta ce ba ta jin 'yar'uwarta. Ya gwada ko wuta tana isa ƙwaƙwalwar burki, tana isa. Ya duba wayar da ke haɗa ta da jikin mota, lafiya lau. Sannan ya cire kan batir, ya sa mita tsakanin wayoyin nan biyu. Ya ce lambar da ta fito ita ce daidai. Sai ya ce wa Bitrus ya hau baya ya girgiza motar. Lamba ta fara tsalle.

"Ga ciwon nan," in ji shi. "Wani wuri an ji wa wayoyin nan rauni. Maigida, akwai abin da aka ƙara wa motar nan wanda ba da shi ta zo ba? Rediyo, fitila, ko wani abu?"

Bitrus yana tsaye a gefena yana share hannu. Na ce, "Babu."

Malam Sabo ya dube ni ya ce, "To. Sai in kwance dashbod gaba ɗaya in bi waya ɗaya bayan ɗaya. Ba wannan makon ba, ba mai zuwa ba. Kana ganin layi."

Ranar Laraba ce. Daga garejin na wuce addu'ar tsakiyar mako, ba don ƙwazo ba, sai don ba na son komawa gida. Aka tashi, ni ban tashi ba. Ban iya doguwar addu'a ba a ranar. Na ce, "Ya Ubangiji, na gaji. Dabarata ta ƙare. Ka nuna mini abin da ke kashe motar nan."

Ban ji murya ba, ban ga wahayi ba. Tambayar Malam Sabo ce kawai ta dawo mini, ta ƙi tafiya. Na ga cewa ina roƙon Allah ya nuna mini abin da ni da kaina na biya kuɗi aka ɓoye. Na ɗora tsaron dukiyata a kan wani ɗan akwati, na riƙe sirrinsa har ya kusa cin ran yaron da ke kirana yaya. A kan bencin majami'ar nan na tuba.

Washegari na kira Bitrus muka koma. Na ce, "Malam, jiya ban faɗa maka gaskiya ba. Akwai tiraka." Na nuna masa wurin da hannuna.

Ya yi 'yar dariya. "Ai na sani akwai wani abu. Ku dillalai, ko likita ba kwa faɗa wa inda ke ciwo."

Ya kwanta a ƙasan sitiyari, ya zaro akwatin, ya warware salatif. Mai sa tirakar ya fere wayoyin nan biyu ya murɗa nasa a kai, ko dalma bai sa ba. Zafi ya sa salatif ya saki, duk ramin da mota ta shiga sai tsiraicin wayoyin ya taɓa juna. Malam Sabo ya cire, ya haɗa su da dalma, ya rufe. Aka girgiza mota, lamba ba ta motsa ba. Muka bi hanya mafi muni a Keffi, fitila ko ɗaya ba ta kama ba. Yabo ga sunan Yesu!

Bitrus ya tuƙo mu har shago. Ya kashe mota, ya miƙo mini makulli.

"Yaya, ashe duk tsawon nan ni kake gadi?"

Na ce ɓarayi nake gadi. Ya ce, "Da ɓarayi ne, ai da ka gaya mini." Na ba shi haƙuri, ya ce ya yafe, kuma na yarda ya yafe. Amma bai karɓi makullin ba.

Ina gode wa Ubangiji da ya tsare rai, ya kuma buɗe bakina kafin in sallamar da motar. 'Yan'uwa, ku dogara gare shi fiye da dabararku. Ban ce kada ku sa tiraka ba. Na sake sa wata, Malam Sabo ne ya haɗa ta yadda ya kamata. Amma wanda ka danƙa wa ransa a sitiyari, da wanda ka kai wa gyara, kada ka ɓoye musu abin da ke cikin mota.

Ni ɗan kasuwa ne, ba na rufe magana ban faɗi riba da hasara ba. Mota ta tashi, shago yana buɗe. Injiniyan Masaka ya koma wurin wani, bai dawo ba. Tsohuwar ƙwaƙwalwar burki, wadda lafiyarta ƙalau, tana kan kantar shago tana shan ƙura. Bitrus yana zuwa cin abinci ran Lahadi, yana wasa da yara, amma wa wani yake tuƙi yanzu. Sabon direbana ba ya tashi da wuri, kuma ba ya kirana yaya. Wannan hasarar ce ta fi zauna mini, kuma ni na jawo ta. Duk da haka, da abin da ya rage nake cewa na gode, ya Yesu. Amin.