Rumbun da Na Gina a Gadarif

Kuɗin motar da ya fitar da ni daga garin nan tunkiyar Inna ce. Ita kaɗai ta rage mana a shekarar farin nan, ta rame har ana ganin haƙarƙarinta, amma Inna ta ja ta da kanta zuwa kasuwar Kunci ta sayar, ta kwance bakin zane ta miƙo mini kuɗin. Babanmu ya rasu, rumbunsa da kuke gani a bayan ɗakin nan babu ko zangarniya ɗaya a ciki, ga kakarku Hansatu da goyo. Na bar su a hannun wana, na yi wa Inna alkawarin zan dawo kafin shuka, da abin da za a ci har sabon gero ya nuna.

Kai Nasiru, tunda ka ce malaminku na Islamiyya ya tambaye ku sunan rumbu da Larabci, ajiye littafin nan ka saurara. Ni na je inda ake Larabcin, na tarar da suna har huɗu, kuma babu wanda ya yi kama da namu.

Ta Maiduguri muka bi, muka ratsa Chadi a bayan motar kaya, kwana da kwanaki, har muka sauka Gadarif a ƙasar Sudan daidai lokacin yankan dawa. Gonakinsu kuwa sai wanda ya gani. Mu nan idan ka yi tari a gonarka maƙwabci zai ce maka sannu, can sai ka wuni kana yanka ba ka hango iyaka ba. Na samu aiki wajen wani ɗan kasuwa, Hajji Nur, gajere mai faɗan tsiya. Kowa a bakinsa "ya zol" ne, wato kai mutum. Wata biyu na yi masa aiki, ban taɓa jin ya kira ni Sule ba.

To, ga sunayen. Akwai mahazan, su da kakari suke faɗinsa kamar mai ƙaya a maƙogwaro, shi ne sito na kwano mai kwaɗo. Akwai shuna, wato a jibge buhuna a fili kamar dalar gyaɗa. Akwai zariba, shingen ƙaya na dabbobi. Na huɗun shi ne ya tayar mini da hankali, sunansa matmura. Rami ne za a haƙa a kan tudu, zurfinsa ya shanye mutum a tsaye, a shimfiɗa ƙaiƙayi, a juye tsabar dawa a ciki, a sake rufewa da ƙaiƙayi, sannan a tula ƙasa a kai. Ranar da Hajji Nur ya ce in kama zubawa, sai na tsaya da buhu a kafaɗa.

"Alhaji, abinci za a binne?"

"Zuba, ya zol."

"A garinmu gawa ake yi wa haka."

"To garin naku ya ƙoshi ne da kuka zo nan?"

Na sauke buhun na zuba. Amma raina bai so ba ko kaɗan. Ni da na tashi na ga ana ɗora rumbu a kan duwatsu don kada gindinsa ya taɓa ƙasa, saboda danshi da gara, yau ga mutane da rawaninsu suna miƙa wa gara abinci har gida.

Da aka gama aikin kaka, Hajji Nur ya sallame mu da dawa, ni na sami buhu shida. Waɗannan buhunan su ne hanyata ta gida, su ne kuma tuwon su Inna. A lokacin dawa ba ta da daraja, kowa na da ita, sai na yi shawarar in ajiye har dab da damina ta yi tsada, ina dako a kasuwa kafin lokacin. Saura wurin ajiya.

Mai kula da ramukan Hajji Nur wani dattijo ne, Baba Adamu. Bahaushe ne, iyayensa sun taso tafiya Makka a ƙafa suka yada zango a can, shi ke nan zama ya kama su. Hausarsa duk ta cakuɗe da Larabci. Ya ce in kawo dawata a sa a matmura tare da tasa. Na ce masa Allah ya saka da alheri, amma ni ɗan magini ne, ubana ya gina rabin rumbunan ƙauyenmu, zan gina nawa su ma su ga yadda ake yi. Ya dube ni ya ce ƙasar nan ba irin tamu ba ce. Na ji shi ne kawai. Da ya matsa, don kunyar furfurarsa na ba shi buhu biyu, ina kallo aka tula musu ƙasa, na yi musu sallama a zuci.

A bayan rumfar da nake haya na fara ginin. Mai gidan, wani dogo wai shi Bashir, ya fito ya tarar ina kwaɓa ƙasa da ƙafa.

"Ɗaki na ba ka ko fili?"

"Ɗan rumbu ne kawai."

"Mene ne rumbu?"

Na yi ta kwatance da hannu, ya ce tanderu ne. Na ce a'a. Ya ce to ɗakin kaji ne, kuma idan na tashi tafiya nasa ne. Na ce na yarda, don dai ya ƙyale ni.

Na jera duwatsu, na ɗora itace, na rinƙa tayar da gini zagaye-zagaye ina bari ya sha iska, na yi masa jinka da ciyawa. Ya yi kyau, wallahi. Mutanen unguwa suna zuwa kallo, ni kuwa sai hura hanci nake yi. Na juye buhu huɗu a ciki, na barbaɗa toka yadda muke yi, na rufe.

Abin da na ƙi ji shi ne maganar ƙasa. Tamu ja ce mai danƙo, ka cakuɗa ta da ciyawa ta bushe ta zama kamar dutse. Tasu baƙar laka ce. Idan rana ta buge ta sai ta tsattsage, idan ta sha ruwa sai ta kumbura ta saki jiki. Tun watan farko rumbun ya fara dararewa. In liƙe nan, can ya buɗe. Baba Adamu ya zo wucewa ya gani, ya ce Allah ya kyauta, ni kuma girman kai ya hana ni kwashewa.

Saura 'yan kwanaki in sayar, wata ranar Laraba bayan la'asar ina kasuwa, hadari ya haɗo ba zato. Ruwa aka yi kamar da bakin ƙwarya. Na taho da gudu ina zamewa a laka, na tarar rumbuna ya durƙusa, gefe guda ya zube, dawata ta malale cikin taɓo, awakin Bashir suna ta kiwo a kai. Na tsuguna ina kwasa da hannu ina kuka, ba na jin kunyar faɗa muku. Ba dawar nake gani ba, Inna nake gani tana jan tunkiyar nan. Abin da na tsamo na shanya bai cika buhu ba, shi ma ya yi warin tsami. Bashir kuwa ya tsaya a kaina yana tambayar ina ɗakin kajinsa.

Washegari Baba Adamu ya ɗauki fartanya ya ce in biyo shi. Muka tone ƙasa, muka yaye ƙaiƙayi, sai ga dawa busasshiya tas, ko ƙwaro ɗaya babu. Ya auna mini buhuna biyu cif. Na ce Baba ka yafe ni. Ya ce ba komai, shi ma ubansa sai da ya gina irin nawa ya rushe kafin ya yarda. Dawa ta yi tsada a lokacin, na sayar, na kamo hanya.

Na iso gida an riga an yi shuka, wana da maƙwabta sun rufa mini asiri. Abin da hanya ta rage mini na kai Kunci na auno gero, na ɗoro a jaki. Da na juye a rumbun Babanmu, da ƙyar ya rufe gindin. Na sauko na faɗa wa Inna gaskiya, na ce ba zai kai mu sabon gero ba, gara in gaya wa mutanen gida su sani.

Ta ce, "Mayar da jinkar ka rufe. Mace ba ta leƙa rumbun miji, yara ma ba sa leƙawa. Su dai su ga an zuba, su ga an rufe. Sauran kai da Allah."

Haka aka yi. Kullum da safe in hau tsani in ɗebo awo in miƙa wa Hansatu fuska a sake, kamar mai rumbu cike. Gidan ya kwanta, yara suka koma wasa, har kakarku ta dawo da waƙa a bakin turmi. Abin mamaki kuma geron nan ya yi ta ja, ya yi ta ja, ranar da na share gindin rumbu da tsintsiya a ranar aka karyo tumun farko a gona. Na ce albarka ce kawai, kuma na daɗe ina ba mutane labari a haka.

Sai bayan shekaru, muna zaune a tsakar gidan nan ina maimaita labarin ga wani baƙo, bayan ya tafi kakarku ta yi dariya.

Ta ce, "Malam, mai rumbu cike daga kan tsani yake miƙa hannu. Kai kuwa kullum sai ka shige ciki har hularka ta ɓace. Tun ranar farko na sani."

Na ce to me ya sa ba ta yi magana ba. Ta ce ita ma Inna ce ta ce ta yi shiru. Ashe kullum sai ta rage tafi biyu daga awon ta ɓoye a tukunya, ta cike gurbin da tafasa da rama, idan ya taru ta ba Inna, Inna kuma ta sa wana ya hau ya mayar cikin rumbun idan na tafi gona. Wata uku ina ɗebo geron da na riga na ɗebo, ina tafiya da ƙirji a buɗe, ni mai ciyar da gida.

Ga kakarku can tana jin mu, ku je ku tambaye ta idan ƙarya na yi.