Bencin da Aka Ba Iliya

Salama gare ka, Malam mai gabatarwa, da duk masu saurare. Bitrus ne daga Madarunfa.

A zumuntar matasan majami'armu, shugaba yakan ce, "Wanda abu ke ci wa rai ya faɗa, nan gida ne." Wata Laraba Iliya masunci ya gaskata shi. Ya miƙe ya ce tun da matarsa ta rasu ya koma shan giya, a taimake shi da addu'a.

Aka yi addu'ar kuwa, har da hawaye. Ran Lahadi sai aka kira sunansa gaban jama'a, aka ce ya koma bencin baya, na masu horo. Wajen cin abinci, kwanonsa daban. Wata cikin mawaƙa ta toshe hanci ta ce, "Iliya, yau ƙarnin kifi ne ko burkutu?" Aka bushe da dariya. Na je na zauna kusa da shi, shugaba ya ja ni gefe ya ce, "Ɗan'uwa, kar ka ɓata masa horo."

Iliya ya yi ta zuwa har damina ta wuce, ba mai leƙa gidansa sai ni. Daga baya ya daina. Yanzu a kan bencin ake ajiye ganguna.

Har yau shugaba na yin tambayar nan. Kowa sai ya ce, "Lafiya lau, mun gode Allah." Malam, ni ma akwai abin da ke ci mini rai. Wa zan gaya wa?