Jarka a Kan Rufin Kunkuru

Mai girma shugabar ƙungiyar unguwarmu, Doña Mabel Arrieta. Mai girma wakilin ƙaramar hukuma, wanda ya baro iyalinsa a yammacin Asabar ya zo ya zauna a kujerar roba saboda mu. Fada Ceferino na cocinmu. Dattawan da suka gina wannan zaure da hannuwansu, da waɗanda suka zo daga baya suka tarar da shi a gine. Maƙwabtana maza da mata, na layinmu da na bayan layi. Da ku matasan da kuka tsaya a bakin ƙofa don ku samu saurin sulalewa in tsohuwa ta cika surutu: ina gaishe ku baki ɗaya, barkanmu da yamma.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Herminia Olguín, matar marigayi Anselmo mai gyaran famfo, kuma ni ce mai wannan farin ɗakin tafi-da-gidanka da ke tsaye a gefen titi a layin Los Álamos, wanda saboda shi aka tara ku yau. A takardar gayyata an kira shi abin hawan da aka yasar. Mu a layinmu Kunkuru muke ce masa, domin ko a lokacin da mota take jan sa bai taɓa yin sauri ba, ko da kuwa a gangara ne.

Ina godiya ga shugaba da ta ba ni dama in yi magana kafin a ɗaga hannu. Ina godiya ga waɗanda suka jera kujeru, da waɗanda suka dafa ruwan mate, shayin ganyen nan namu. Ina kuma godiya, har cikin zuciyata, ga waɗanda suka sa hannu a kan ƙarar, domin sun kawo maganarsu gaban jama'a da rana tsaka, ba su bi ta baya sun sace mini iskar taya ba.

Magana ta farko ita ce, masu ƙara suna da gaskiya, kuma gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Layinmu matsattse ne. Motar shara da baya-baya take fita. Matan da ke tura jarirai sai sun sauka kan titi sun kewaye Kunkuru, suna waiwayen motoci. Ba kuma zan manta da ranar nan ta sanyin Yuli ba, da ciwon zuciya ya kayar da maƙwabcina na tsallaken titi, Don Fermín Cattáneo, motar asibiti ta zo ta kasa ratsawa tsakanin Kunkuru da wata mota, sai ɗauko shi aka yi a hannu har bakin layi ana ruwa. Ina tsaye a ƙofata ina kallo, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da ya warke, shi ya fara sa hannu a kan a ɗauke Kunkuru, kuma da ni ce shi, da sau biyu zan sa.

Za ku ce to me ya hana ni matsar da shi. Motar da ke jan sa an sayar da ita bayan rasuwar Anselmo, ni kuwa ko keke ban iya ba. Garejin gidanmu tun tuni Anselmo ya mai da shi ɗakin 'yarmu Silvina. An ce mini akwai filin ajiya can bakin babbar hanya, bayan rumbunan alkama, inda motar haya ba ta zuwa, inda in an kai shi ni da ganinsa sai dai a hoto. Karin magana ya gama bayanina: kunkuru yana son dambe, ba shi da yatsa.

Magana ta biyu, ina so in gaya wa sababbin zuwa abin da suke wucewa ta gefensa kowace safiya, don abin da suke gani tsohon akwati ne mai tsatsa a gindi, abin da nake gani kuwa daban ne.

Akwai lokacin da layin nan yake da irin waɗannan ɗakuna har huɗu. Tun watan Disamba za ka ga maza kwance a ƙarƙashinsu suna shafa man giris, suna musu a kan wanda tayarsa za ta fara fashewa. Janairu na kamawa, zafi ya buɗe kamar yadda ya saba a nan kudancin duniya, sai mu jera kamar raƙuma mu nufi teku, Anselmo a gaba don ya fi kowa sanin hanya a faɗarsa, Don Fermín a baya don ya tsinci abin da ya faɗo daga namu. Matarsa Chela, Allah ya jiƙanta, ita ke soya naman guzurin layi duka, tana soyawa tana faɗa da duk wanda ya miƙo hannu. Mu tsaya a inuwar bishiyoyin turare, ƙoƙon mate yana yawo daga hannu zuwa hannu, har ruwan ya salance ba wanda ya ce a tashi. Duk yaron da iyayensa ba su da halin tafiya, sai a ce a kai shi wurin Herminia, Kunkuru ba ya cika. Mai girma shugaba, ki yafe mini in na tona asiri a gaban baƙi, amma ta tagar Kunkuru kika fara ganin teku a rayuwarki, bayan kin gama yi mini amai a kan labule. Kika tsaya kina kallon ruwan nan, kika tambaye ni wa ya bar famfo a buɗe.

Ina kewar wannan lokaci, kuma ba na jin kunyar faɗa. Ina kewar ƙarar tukwane a cikin kabad idan mun shiga gargada. Ina kewar warin gishirin da ke tarye mu tun kafin mu hango Monte Hermoso, garin bakin tekun da muke sauka. Ina kewar Anselmo yana ƙoƙarin shigar da Kunkuru wurin kwana da baya, ni ina ce masa dama, shi yana yin hagu, yana leƙowa yana cewa, "Tsohuwa, damarki ko tawa?"

Ɗaya bayan ɗaya ɗakunan suka tafi, kamar yadda masu su suka tafi. Yara suka girma suka watse. Shekarar da Chela ta rasu Don Fermín ya sayar da nasa. Anselmo ya bi bayanta. Kunkuru kaɗai ya rage, da ni. Kullum da la'asar nakan buɗe shi in shiga, in ɗora ruwa, in sha mate ni kaɗai a kan gadon da ke naɗewa ya zama tebur. Har yanzu akwai yashin bakin teku a tsagar daɓensa, ban taɓa sa masa tsintsiya ba. Silvina kuwa duk sanda ta bugo waya daga Sifen sai ta ce, "Mama, kada ki sayar, Janairu mai zuwa za mu zo, yara su ga tekunmu a cikinsa." Ni ba yarinya ba ce, na san Janairu nawa suka zo suka wuce ba ta zo ba. Amma uwa ba ta gajiya da gyara shimfiɗa.

Magana ta uku ita ce ta jarka, kuma ita ce ta sa na tsaya a gabanku. Kowa a ƙasar nan ya sani, in ka ga jarka a kan rufin mota, mai ita ya sa ta a kasuwa ke nan, ba sai an rubuta komai ba. Da na ji an kai ƙara, na ce Herminia, kin kusa kashe maƙwabcinki saboda yashi da tsohon labule, ya isa haka. Na ɗauko tsani, na hau da waɗannan gwiwoyin nawa, na ɗora jarka a kan Kunkuru, na sauko na shiga gida na yi kukana. Washegari na tarar da ita a ƙasa. Na ce iskar garin nan ce, wadda ba ta barin hula a kan kowa. Na mayar, ta sake faɗowa. Sai na cika ta da yashi har wuya, yadda ko guguwa ba za ta motsa ta ba, na sake hawa. Da yamma ga ta a gindin taya, a tsaye, murfinta a rufe. Ruwa ba ya tsami banza, kuma ban taɓa ganin iskar da ke ajiye kaya a hankali ba.

Sai na sake mayar da ita, na yi kwanto a bayan labulen falona lokacin barcin rana, sa'ad da ko kare ba ya fita. Can sai ga Don Fermín ya tsallako titi da silifas, riƙe da doguwar sandar da yake tsinko lemo, mutumin da likita ya hana ɗaga ko da bokiti. Ya saƙalo hannun jarkar, ya sauko da ita yana haki. Na fito na ce, "Fermín, kanka ɗaya kuwa? Kai ka fara sa hannu a ɗauke shi, kuma kai kake korar mini masu saye?"

Ya ce, "Ke Herminia, rage murya, mutane na barci. Cewa na yi a matsar da shi, ban ce a sayar ba."

Na gaya masa jaki ya fi shi sauƙin kai, ya ce ai a wurina ya koya. Daga nan ya jingina da sandarsa. Sannan ya ce, "Ni na sayar da nawa ɗakin, yau kaji ke kwana a inda Chela take kwana. In na buɗe taga da safe na ga naki, sai in ji kamar ba mu riga mun tashi ba ne, kamar tana ciki tana ɗaure kaya tana mita. In kika sayar, ina zan duba?"

Ga shi can a kujerar baya yana kallon takalmansa. Ku tambaye shi in ƙarya na yi.

Saboda haka, jama'a, ga roƙona. Ku ɗaga hannu a ɗauke Kunkuru daga titi, ni ma zan ɗaga nawa tare da ku, domin ba na son a sake ɗaukar kowa a hannu a cikin ruwa saboda ni. Amma a bayan wannan zaure akwai tsohon filin da dattawanmu suke mirgina ƙwallayen bocha, wanda tun da masu wasan suka kwanta dama ciyawa ce kawai ke amfana da shi. Daga ƙofata ana hango shi, daga tagar Don Fermín ma ana hango shi in ya ɗan miƙa wuya. Ku ba Kunkuru wannan kusurwa. Matasan bakin ƙofa su tura shi, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ciyawar kuwa ku bar ni da ita. Mabuɗinsa zan rataye shi a ƙusa a nan zaure, duk magidancin unguwar nan da yake da motar ja, yake kuma da yaran da ba su taɓa ganin teku ba, ya ɗauka ya kai su. Ban ce dole a tafi da ni ba. Sai dai na iya suya, kuma ba na cin wuri.

Mai girma shugaba, ga jarkar nan na zo da ita, na ajiye ta a kan teburinki da yashinta. In taron nan ya ce a'a, ba zan riƙe kowa a zuciya ba. Ki miƙo mini ita in koma in hau tsani, amma wani ya taimaka ya ɓoye wa Don Fermín sandarsa, don zuciyarsa ba za ta ƙara ɗaukar wannan nauyi ba. In kuwa taron ya ce to, ki juye yashin a filin, ki ba yara jarkar su riƙa ɗebo ruwa.

Allah ya zaunar da unguwarmu lafiya, ya buɗe hanya ga duk motar da ta zo ceton rai. Allah ya ba shugabanninmu haƙurin sauraron tsofaffi, ya ba matasanmu tsufan da za a saurare su. Allah ya jiƙan Anselmo da Chela da duk waɗanda muka jera da su a hanya suka riga mu isa. 'Ya'yanmu da ke nesa, Allah ya tsare su, ya kuma tuna musu hanyar gida tun masu jiransu suna iya buɗe ƙofa. Allah ya mai da kowa ɗakinsa lafiya, ya nuna mana Janairu.

Na gode.