Barguna a Kan Siminti

Darlene: Mama, ina wuni?

Orysia: Lafiya lau, 'yar nan. Ya Calgary? Ya maigidan naki da yaran?

Darlene: Duk lafiya, suna gaishe ki. Ya ƙugun naki?

Orysia: Da sauƙi. Yana nan inda likita ya ajiye shi.

Darlene: Kin ci abinci?

Orysia: Na ɗumama miyar kabeji da rana. Tarin ƙaramar ya lafa?

Darlene: Ya lafa. Mama, me ke kaɗawa haka a kunnena? Kina waje ne?

Orysia: Layin ne ba kyau.

Darlene: Layi ba ya haki. Ina jin numfashinki.

Orysia: Tsaya, iska za ta tafi min da leda. Yauwa, na taka ta.

Darlene: Wace leda kuma?

Orysia: Ta rufe siminti.

Darlene: Wane siminti?

Orysia: To, tunda baki ya riga ni. Na sa an fasa daɓen ƙofar gida, daga garejin ajiye mota har titi. Yau da safe Lorne magini ya zuba sabon kankare.

Darlene: A ƙarshen Oktoba? A Manitoba? Mama, ba mun gama magana sai sanyi ya wuce ba?

Orysia: Ke kika gama. Ni ina zaune ina sauraro. Cewa kika yi muddin daɓen nan yana nan a tsage, ƙanƙara ta ɗaga shi nan ta nutsar da shi can, ba zan ƙara yin lokacin sanyi ni kaɗai a gidan nan ba. Ba haka kika ce ba?

Darlene: Saboda a kansa kika faɗi bara. Kina kwance cikin dusar ƙanƙara sai da mai kawo wasiƙu ya tsince ki.

Orysia: To yanzu babu tsaga. Sumul yake kamar faranti. Sai ki nemo wani dalilin.

Darlene: Ba dalili nake nema ba. Wata biyar kawai na ce ki zo ki yi a wurinmu.

Orysia: Haka aka ce wa Halyna maƙwabciyata. Wata biyar. Kafin ciyawa ta fito an kafa allon sayarwa a ƙofar gidanta. Tsaya in jawo wannan.

Darlene: Me kike ja?

Orysia: Bargo.

Darlene: Ban ji ba, yana yankewa.

Orysia: Bargo na ce. Rediyo ya ce sanyin daren yau zai daskarar da ruwa. In ya kama simintin nan da ɗanyensa, kafin baɗi samansa zai dinga ɓarewa kamar ɓawon albasa. Sai an lulluɓe shi ya kwana da ɗuminsa.

Darlene: Wannan ai aikin Lorne ne. Ina yake?

Orysia: Ya tafi ɗauko bargunan aikinsa, barewa ta shiga gaban motarsa a hanya. Shi lafiya lau, motar ce ba ta motsi. Ya ce in rufa masa da abin da na samu kafin rana ta faɗi.

Darlene: Ya ce wa mace mai shekara saba'in da takwas, mai ƙarfe a ƙugu, ta rufa masa?

Orysia: Bai ce in hau kai ba. Daga gefe nake shimfiɗawa, ina turawa da sandata, in danne baki da itacen hura wuta. Yau dai sandar nan ta yi rana.

Darlene: Mama, don Allah ki shiga ciki. Bari in kira wani.

Orysia: Wa? Mazan layin nan duk sun tafi farauta. Saura ni da karen Halyna da aka bar wa jikanta, shi ma so yake ya taka min aiki. Kai, tafi can!

Darlene: Da wane bargo kike rufewa?

Orysia: Na ɗakinki, na ɗakin baƙi, labulen falo, da dardumar ƙasan bene. Har rigar sanyin babanki tana can ta rufe kusurwar titi.

Darlene: Na gadonki fa?

Orysia: Shi na fara fitarwa.

Darlene: Mai gashin tsuntsun dinya a ciki? Wanda Kaka ta ɗinka da hannunta? Shi kika shimfiɗa a kan siminti?

Orysia: Da leda a ƙarƙashi. Kakarki da tana nan da ita za ta riƙe min ɗaya bakin.

Darlene: To ke da me za ki rufa yau?

Orysia: Ni ina da murhu. Shi ba shi da kowa sai ni.

Darlene: Wallahi kina ba ni tsoro, Mama. Kullum wayata ta yi ƙara da sassafe sai gabana ya faɗi.

Orysia: Na sani. Ni ma tsoron nake ji, ba irin naki ba ne kawai. Ina tsoron in farka a ɗakin da ban san inda makunnin fitila yake ba. A nan ko ido rufe na san kowace ƙofa. Daga tagar ɗakina nake ganin bishiyar da babanki ya dasa.

Darlene: Kin gama rufewa?

Orysia: Saura wajen bakin gareji, kamar faɗin gado biyu. Kuma nan ne iska ta fi bugawa. Na duba ko'ina, ko tawul babu saura. Rana kuma ta kai kan rufin coci.

Darlene: In wurin ya lalace fa?

Orysia: Nan nake sauka daga mota. Kin ga kin samu dalilinki ke nan, ba sai kin nema ba.

Darlene: Mama.

Orysia: Ina jin ki. Yi sauri, sanyi na cinye min cajin waya.

Darlene: Babban akwatin nan da na haɗa miki na tafiya, wanda ke bayan ƙofar ɗakina.

Orysia: Yana nan. Ko taɓa shi ban yi ba, harara kawai muke yi da shi.

Darlene: Akwai barguna biyu masu kauri a ƙasansa. Sababbi ne, na saya miki don ɗakin da na gyara a nan.

Orysia: Darlene, in na zazzage akwatin nan ba zan sake haɗa shi ba fa.

Darlene: Na sani.

Orysia: Kin ji abin da na ce kuwa, ko layin ne?

Darlene: Na ji. Je ki buɗe kafin rana ta faɗi. Ki bi ta kan ciyawa, ki riƙe sandarki. Kuma bana kada ki zuba wa daɓen gishirin narkar da ƙanƙara, yashi kawai, sabon siminti ba ya...

Orysia: Ni za ki koya wa? Tun kafin a haife ki nake...

Darlene: Mama? Mama, kina ji na?