Ƙwaya Uku Kan Cikin Azumi

Salama a gare ku, iyayena da 'yan'uwana mata na zumunta, cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Sunana Rifkatu, amma yawancinku da Maman Dauda mai kitso kuka san ni. In kun ji muryata tana rawa ku yi haƙuri.

Zan fara da laifina. Wanda bai taɓa sunkuyawa kan kitso daga hantsi har la'asar ba bai san ciwon baya ba. Ni kuwa na samo wa kaina wata 'yar ƙwaya ruwan ɗorawa a kemis. An ce in sha ɗaya, ni biyu nake watsawa. Mijina ya yi faɗa har ya gaji, kun dai san bakina. Sai in ce masa, "Bayanka ne ko nawa?" In na manta ƙwayar nan a gida sai na koma na ɗauko, amma addu'ar safe takan wuce ni ko a jikina.

A shekarun nan da bam ke tashi a Kano, wata rana na shiga cikin gari, Soron Ɗinki, gidan Hajiya Yalwa. Tsohuwa ce da na daɗe ina yi wa kitso. Matar ɗanta, Binta, ta haihu, ni zan yi mata kitson suna.

Na kai rabin kai ke nan muka ji dum! Ƙasa ta girgiza. Kafin mu ce me, wani ya sake tashi, sai harbi ba ƙaƙƙautawa. Ɗan Hajiya, Malam Nasiru, ya shigo a guje ya sa sakata, ya ce an sa dokar hana fita, ba dare ba rana.

Na miƙe na suri jakata. Hajiya ta riƙe mini zane.

"Ina za ki, 'yar nan?"

"Gida, Hajiya. 'Ya'yana!"

"Gawa ba ta renon 'ya'ya. Zauna. Nan ma gidanku ne."

Na kira mijina, waya ba ta shiga. Na kira har yatsana ya gaji. Nan na yi wa Allah alkawari cewa abinci ba zai shiga bakina ba sai na ji muryar iyalina. Ruwa kawai zan sha. Ko a raina ban kawo cewa ƙwaya tana neman abinci a ƙarƙashinta ba.

Zama haka kawai zai haukata ni, ga kuma kunyar mutanen da suka rufa mini asiri. Sai na kama kitso. Na gama kan Binta, na yi wa Hajiya, na bi matan gidan ɗaya bayan ɗaya. Bayana ya ɗauki wuta, na sha tawa ƙwayar biyu. Hajiya ta ga ina cije leɓe, ta kwance bakin zanenta ta ba ni wata fara, ta ce ta ciwon gwiwarta ce, kamar yankan wuƙa. Binta ma ta miƙo wata ja da aka ba ta saboda ciwon mara bayan haihuwa.

Ba a mayar da hannun kyauta baya, balle a gidan da aka ɓoye ka. Na karɓa da hannu biyu. Ban gaya wa Hajiya na sha tawa ba, ban gaya wa Binta na sha ta Hajiya ba. Launinsu daban, na ɗauka aikinsu ma daban. Haka na yi ta yi safe, rana da yamma, kwana biyu cur. Tuwon da suke kawo mini kuwa sai in rufe in tura ƙarƙashin gado.

Rana ta uku da hantsi ƙirjina ya fara zafi kamar na haɗiye garwashi. Kunnena yana ƙara. Na zaga bayi, abin da ya fito baƙi ƙirin kamar kwalta, ga wari. Sai na tuna tun jiya ban yi fitsari ba. Na wanke wurin tas, na fito na yi shiru, wai ni mai kunya.

Ina riƙe da tsinken kitso jiri ya kwashe ni. Na jawo wani kwano na yi amai. Jini ne, 'yan'uwa, guda-guda!

A ƙasan nan na yi addu'ar da ban taɓa yin irinta ba. Na ce, "Yesu, ni na ja wa kaina. Na mai da ƙwaya abin dogarona, na yi azumi da taurin kai. Kada ka bar ni in mutu 'ya'yana ba su san inda gawata take ba. Ka buɗe mini hanya!"

Hajiya ta leƙa kwanon ta yi salati. Ta ce, "Nasiru, samo baro."

"Hajiya, sojoji na bakin titi. An ce duk wanda aka gani..."

"Na ce samo baro!"

Suka zura mini hijabin Binta, suka kwantar da ni a baro. Malam Nasiru yana turawa, tsohuwar nan mai ciwon gwiwa tana gaba da kwanon a hannu. Lungu bayan lungu, ko akuya babu. Muna ɓullowa titin Shahuci na ji an ɗana bindiga.

"Kai! Tsaya nan! Hannu sama!"

Malam Nasiru ya saki baron ya ɗaga hannu. Hajiya ba ta tsaya ba. Ina kallonta dishi-dishi tana ɗingishi har gaban sojan, ta buɗe masa kwanon.

"Ɗana, duba nan. 'Yata ce. In harbi za ka yi fara da ni, na ci zamanina."

Sojan ya matso ya tambayi sunana. Da ƙyar na ce Rifkatu. Ya dube ni, ya dubi Hajiya.

"Mama, Rifkatu kuma 'yarki?"

"Ni na ce maka 'yata ce."

Ni dai na sadaƙar. Can ya sauke bindigar ya kira direbansu. A motar sojoji aka kai ni asibiti. Haleluya!

Likita ya tambayi abin da na sha. Na faɗi gaskiya, sojojin suka raka Malam Nasiru gida ya kwaso takardun ƙwayoyin nan uku, aka zube wa likitan. Ya ce biyu dikulofinak ne, kamfani ne kawai ya bambanta, ta ukun kuma 'yar'uwarsu ce, duk aikinsu ɗaya. Sun cinye bangon cikina har ya fashe da jini, sun taɓa ƙodata. Ya ce da mun ƙara wuni guda, sai dai wani labarin. Aka nemi jini, Malam Nasiru ya naɗe hannun riga.

Da na farfaɗo na ga mijina a tsaye, an sassauta doka, shi da yara lafiya lau. Hajiya kuwa tana zaune a ƙasa kan siminti, ta ƙi kujera. Ta kama ƙafata tana kuka.

"Da hannuna na ba ki, 'yar nan. Ki yafe mini."

Na ce, "Hajiya, ke magani kika ba ni. Ni ce na ɓoye miki gaskiya." Muka yi ta kuka har nas ta kore mu da faɗa.

Har yau ina zuwa a duba ƙodata, kuma likita ya raba ni da irin ƙwayoyin nan har abada. 'Yan'uwa, kada ku haɗa magani kan magani, kada ku sha shi da wofin ciki, kuma in kun ga baƙin bayan gida ku yi magana, kada kunya ta kashe ku.

Na gode wa Yesu da ya ji kukan mai taurin kai irina. Na roƙe shi hanya a ranar da aka rufe kowace hanya a Kano, ya aiko mini tsohuwa mai ɗingishi ta buɗe ta. Ku dogara gare shi. Yabo ya tabbata ga sunansa. Amin.