Gayyar da Ta Cinye Mani Kimba

Shugaban taro Malam Ɗanaudu, wakilin hakimi, malamanmu masu daraja, leburorin hanya, matan da ke bayan zana, da ku jikokina, mazajen banza da ba ku taɓa saya mani ko goro ba, assalamu alaikum.

Ina godiya da kunka ba tsohuwa fili. Ni ce 'Yar Baba ta Geza. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, wata shida na yi, malamin ya gudu. Wasu sun ce aiki anka canza masa, ni dai na san bakina ne.

Magana ta farko. Shekara uku ke nan da samun mulkin kai, kuma tun sannan ake gina hanyar nan da ta nufi iyakar Dahomey. Mun yi murna, mun ba da 'ya'yanmu. Nawa biyu na bayar, Kimba da ƙanensa Na'Allah.

Ta biyu, mu mutanen gayya ne. In maƙwabci ya kira noma, ana zuwa da fartanya, a ci tuwo, a watse, kuma wanda ya nemi lada ya zubar da mutuncin gidansu. Ɗan kwangila ya gane mu sarai. Ƙarfe huɗu a busa usur na tashi, sai helumansa, mai kula da leburori, ya kira makaɗi, ya raba goro, ya ce: "Yanzu kuma gayya ce, ina mazan?" Su koma ɗaukar dutse har faɗuwar rana. Ni ke dama masu furar, ina guɗa!

Wata Laraba da damina, anka busa usur, Kimba ya zo wurin ƙwaryata ya ce: "Inna, jiri nake gani, gida za ni." Kun san halina. Na ce: "Af! Amarya Kimba ta gaji? A kawo mata lalle!" Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ya sha ludayi biyu, ya koma kan gadar da suke ginawa. Ban gama wanke ƙwarya ba na ji salati, Kimba ya faɗo.

Bayan sadakar bakwai na tafi ofishin su ɗan kwangila. Sunka ce Kimba ba bakin aiki ya faɗi ba, aiki ya tashi tun ƙarfe huɗu, taimako ya je yi don kansa. Da na fito, akawunsu Nnamdi ya biyo ni waje, idonsa ja wur. Ya ce: "Mama, aikin da ya wuce lokacin tashi aiki ne. Yana da kuɗinsa na daban, kuma tilas a rubuta sunan mai yinsa. Ba wanda ya taɓa tambaya." Yaya za mu tambaya? Kunya anka koya muna.

Ga abin da ya tsayar da ni gabanku. Jibi Asabar an sake kiran gayya, a kan gadar nan dai. Na'Allah ya ce in shi kaɗai ya ƙi zuwa, za a ce ɗan 'Yar Baba rago ne, kuma ranar Litinin a kore shi. Gaskiya ya faɗa. Shi kaɗai ba zai iya ba.

Don haka nake roƙonku, ina roƙonku don Allah. In an busa usur, ku aje kwandunanku tare. In suna son ƙari, su kira shi aiki, su rubuta ku, su biya ku. Gayya ta gonar ɗan'uwa ce, ku bar ta can. Ku kuma mata, duk wadda ta yi wa namiji ba'a don ya ce ya gaji, ta zo ta ga yadda nake kwana ba barci.

Duk wanda ya yarda, ya ɗaga hannu. Na'Allah, ga ka can jikin mangwaro kana ɓoye fuska. Ɗaga kanka, ka duba hannuwan da ke sama. Ban iya lissafi sosai ba, amma sun fi ƙarfin kora.

Allah ya jiƙan waɗanda sunka riga mu, ya tsare masu fita nema, ya mayar da kowa gida da ƙafafunsa. Ni kuma ku roƙa mani gafara. Na gode.