Kafin a Dangwala

A zauren jira na banki wani tsohon kafinta ya ƙulla ciniki da wata malamar asibiti: ta karanta masa takardar da ɗansa ya cike masa, shi kuma ya ba ta lambarsa ta layi, ta bakwai, ya karɓi tata, ta sittin.

"Baba, takardar izini ce. Kana gaya wa banki cewa hannun ɗanka daidai yake da naka a asusun nan."

"Ce mini ya yi wahalar layi zai rage mini."

"Zai rage kuwa. Ko kana barci ya zo ya kwashe, ba mai kiranka."

"In na kai ƙara fa?"

"Su nuna maka yatsanka."

Tsohon ya dubi babban yatsansa. "Shekara arba'in guduma na dukan yatsan nan bai ba da kai ba, sai tawada? Wallahi ba zan dangwala ba! Su rubuta sai mu biyu tare, ko ya buɗe nasa."

"Haba Baba, ɗanka ne fa. Ni ma irinta na sa wa maigidana hannu bara."

"Kin karanta?"

"Shi ya karanta mini."

"To yau me ya kawo ki, 'yata?"

"Albashina ne ban ga..." Ta haɗiye sauran, don an kira lambarta.

Kafinta dai ya yi asarar wuni guda a kan benci, amma asusunsa na hannunsa. Ita ta ci ribar layi, ta riga kowa jin abin da ba ta so ji ba.